Bargon Auta Ya Gagare Ni

Malama, don girman Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina. Na san yawanci mata ne ke rubuto wa wannan fili, kuma na san in abokan aikina suka ji abin da ya kawo ni, sai sun yi mini dariya har cikinsu ya ƙulle. To, su yi. Tambayata a baki ƙarama ce: wane irin haɗin bargo ne ya fi sauƙi ga mutumin da bai taɓa ɗinki ba? Amma ki yi haƙuri ki ji yadda aka yi dattijo irina yake wannan tambaya.

Ni sana'ata shimfiɗa tayil. Tun ina saurayi nake durƙushe a ɗakunan mutane, gwiwoyina sun yi kanta, siminti ya cinye mini tafin hannu, har ta kai in na shafa yadi mai laushi sai ya maƙale mini a yatsu. Maman yara kuwa ɗinki take yi a gida, zannuwan gado da labule da rigunan matashi. Ba ta zubar da ƙyalle komai ƙanƙantarsa. Shekara da shekaru ina mita a kan buhunan ƙyallayenta da suka cika ƙarƙashin gado, ita kuma tana ce mini ai ni ma ban taɓa zubar da fasasshen tayil ba. Gaskiyarta ce, ban taɓa ba.

'Ya'yanmu uku ne, duka mata. Ita da kanta ta ƙirƙiro wa gidanmu wani abu: duk wadda ta samu cikin fari, sai ta ɗinka wa jaririn bargo da tufafin da uwarsa ta sa tana yarinya. Rigar makaranta, rigar barci, ɗankwali, duk ta adana wa kowacce a jakarta daban. Takan yanka su ƙanana, masu tsini sama da ƙasa, ta haɗa su su ba da taurari, babba ɗaya a tsakiya, ƙanana kewaye da shi. Babbar ta samu nata, mai bi mata ta samu. Saura Auta.

Auta ta daɗe da aure ba ta samu ba. Ba zan shiga wannan ba, amma an sha zaryar asibiti, ta kuma sha kuka a kafaɗar uwarta. Ranar da ta zo mana da albishir, uwar ko zama ba ta yi ba, ta jawo jakar Auta ta zazzage a kan gado. Ta gama babban tauraron na tsakiya, ta yanka wasu ƙyallayen na ƙananan taurari, sauran tufafin ta ninke ta mayar jaka. Sai ciwo ya zo. Shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren dama. Mun gode wa Allah tana nan da ranta, tana zama, tana ci da hagu, tana gane kowa. Amma hannun daman yana kwance a cinyarta sai an ɗaga shi, magana kuma sai kalma ɗaya biyu, da ƙyar. Wani lokaci ta nemi kalmar ta rasa, sai ta kawar da kai.

Da muka dawo daga asibiti, babbar 'yarmu ta ce a fitar da keken ɗinkin daga ɗakin, kada Umma ta riƙa ganinsa tana tuna abin da ta rasa. Na ga maganar da hankali. Muka kinkime shi muka kai ɗakin ajiya, inda nake tara kwalayen tayil da bokitai, muka haɗa da jakar Auta. Inda keken ya zauna tsawon shekaru ya bar sawun ƙafafunsa a ƙasa. Ni na shimfiɗa tayil ɗin nan da hannuna, na goge na goge, sawun ya ƙi fita.

Auta ba ta taɓa tayar da maganar bargo ba. Da na ɗan taɓo zancen ma sai ta ce in bar shi, lafiyar Umma ta fi mata komai. Amma rannan yayarta ta zo da ɗanta, ta shimfiɗa masa nasa bargon a falo, sai na ga Auta ta zauna tana bin tauraron da yatsa, ta bi ta dawo, ta bi ta dawo, ba ta san ina kallonta ba. A nan na ce wa kaina ni zan ƙarasa bargon Auta. Na ce mutumin da yake haɗa kusurwar banɗaki ba a ga mahaɗa ba, ƙyalle ne zai gagare shi?

Wallahi Malama, ya gagare ni. Tayil in ka yanka shi ya yanku, inda ka ajiye shi nan za ka dawo ka same shi. Ƙyalle kuwa sai ka ce mai rai. Zan haɗa guda biyu daidai wa daida, kafin su fito ta bayan allura ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Tsinin nan da ya kamata su haɗu a tsakiya, kowanne ya kama gabansa. Tauraron farko da na haɗa, cikinsa ya kumburo kamar kwano. Na sa dutsen guga na danne ya kwanta, ina ɗagawa ya sake tashi. Na farke da reza na sake, na farke na sake, har bakin ƙyallayen ya zazzare ya zama gashi-gashi. Zaren ƙasa kuma sai cukurkuɗewa yake, ban san abin da na taɓa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne shuɗin nan na rigar makarantar Auta. Dama ɗan kaɗan ne, na lalata fiye da rabinsa. Ko da na samu irinsa a kasuwa, ba shi ne ta sa ba.

Duk wannan a ɓoye nake yi. Bayan azahar in na ba maman yara magani ta kwanta, sai in lallaɓa ɗakin ajiya, in rufe ƙofa, in toshe ƙasanta da buhu don kada ƙara ta fita. Na rage karɓar aikin yamma saboda haka, masu gidaje har sun fara cewa tsufa ya kama ni. Ban musa musu ba.

Shawara kam na sha ta. Ƙanwata ta hau ni da faɗa, wai ina ni ina keken ɗinki, in kai wa tela in huta. Na kai wa wani a layinmu. Ya juya tauraron nata gaba da baya, ya yaba hannun, sannan ya ce shi ba ya irin wannan aikin, amma in ina so zai samo sabon yadi mai zanen taurari ya sa masa shafi a yini ɗaya. Babbar 'yata ta ce a sayi bargo mai kyau a kanti kawai, jariri bai san bambanci ba. Mijin Auta, yaron kirki, ya buɗe mini wayarsa ya nuna mini hotuna da bidiyo, kowanne wai shi ne mai sauƙi. Wani gida-gida kamar tayil baƙi da fari, wani dogayen layuka, wani ana kewaye ɗan ƙaramin ƙyalle da siraran yanka har ya girma, wani kuma mai kusurwa uku-uku kamar haƙoran zarto. Matan cikin bidiyon suna yi suna murmushi, hannunsu kamar ba ƙashi. Na kalla har idona ya yi ruwa, kaina ya ƙara ɗaurewa. Yanzu tsoro nake in sake sa almakashi a ɗan abin da ya rage.

Sai kuma abin da ya faru makon jiya, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na rubuto. Na fito daga ɗakin ajiya na shiga in gyara mata matashi, ashe wani guntun shuɗin zare ya maƙale mini a gaban riga. Ta miƙo hannun hagu ta cire shi. Ta ɗaga shi tana kallo, ta murza shi tsakanin yatsu, sannan ta ɗago ta dube ni. Na ce mata daga labule ne, alhali labulenmu ba shuɗi ba ne, kuma ita ta ɗinka shi. Na miƙa hannu in karɓa in yar, sai ta dunƙule hannunta ta hana ni. Bakinta yana motsi, kalmar ta ƙi fitowa, hawaye ya zubo. Na gyara mata matashin na fita. Tun daga ranar, duk sanda na shigo sai in tarar ta zuba wa sawun keken nan ido.

Ban sani ba ko fushi take na taɓa mata kaya, ko baƙin ciki take na tuna mata, ko wani abu ne daban. Mun daɗe tare, da ido ma muna magana, amma wannan karon na kasa karanta ta, kuma wannan ya fi ƙyallayen karya mini gwiwa.

Auta ta shiga watanninta na ƙarshe, tafiya ma da ƙyar take yi. Malama, wane haɗi zan ɗauka wanda hannu irin nawa zai iya ba tare da na ƙarasa lalata sauran ba? Ko in haƙura in rufe jakar, in bar Auta ita kaɗai ba ta da shi? Idan ma na iya, ya zan yi in fito da shi gaban uwarta? Na yi iya tunanina, ya ƙare.

Naki,
Mai Hannun Siminti

*

Baban Auta, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba maman yara lafiya. Abokan aikinka su yi dariyarsu, ni ban ga abin dariya ba. Bari mu fara da ɗinkin, tunda shi ka fara tambaya.

Ka bar taurarin nan. Ba hannunka ne ya gaza ba, ka fara ne da abin da masu ɗinki suke ƙarewa da shi. Yadi yana da tsaye da kwance. In ka yanka shi bisa zarensa, yana zama lafiya. In ka yanka shi a karkace, kamar waɗancan masu tsini, gefensa yana miƙewa da zarar ka ja shi, balle tsohon yadi da ya sha wanki. Shi ya sa ɗaya ke fin ɗaya tsawo, shi ya sa cikin tauraron ya kumbura. Mai kusurwa uku da surukinka ya nuna maka ma wannan matsalar gare shi, kada ka kusance shi.

Haɗin da zan zaɓa maka shi ne wanda ka kira gida-gida: yanka mai kusurwa huɗu daidai, duk girmansu ɗaya, kamar faɗin tafin hannunka. Wannan aikinka ne na kullum, da yadi maimakon tayil. Tauraron da ta gama shi zai zauna a tsakiya. Ka kewaye shi da dogon yanka na yadi mai launi ɗaya a kowane gefe, sannan gidajen su biyo baya layi-layi. Bargon jariri ne, ba ya son girma, saboda haka tufafin da ta ninke ta ajiye za su isa. In ba su isa ba, ka sa farin yadi tsakanin gida da gida, zai ma ƙara fito da launukan.

Ka yanki kwali mai ƙarfi ya zama ma'auninka, ka zana kowane gida da alli kafin almakashi ya taɓa shi. Tsohon yadin ka fesa masa sitati ka goge tukuna, zai tsaya maka kamar takarda. A jikin keken, gefen allura, ka manna ɗan salatif ya zama iyakar da bakin yadi zai riƙa bi, don rarar da kake bari ta zama ɗaya ko'ina, kamar yadda kake daidaita tazara tsakanin tayil. Kada ka ja yadin, keken yana ja da kansa, kai dai ka saita shi. Duk ɗinkin da ka yi, ka goge shi kafin ka haɗa na gaba. Kuma kafin ka taɓa jakar Auta, ka yanka tsohon zanin gado ka gwada hannunka har layi biyu su haɗu maka sumul. Hannun naka ka riƙa shafa masa mai tun da safe ya yi laushi, ka goge shi sosai kafin ka zauna.

Shuɗin da ya zazzare kada ka yar. Ka datse bakinsa, ka kalmashe, ka ɗora shi a kan farin gida ka bi gefensa da ɗinki. A kwance a kan wani yadin ba zai sake miƙewa ba, kuma rigar makarantar Auta za ta shiga bargon.

Ƙanwarka ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba. Ka kira mai gyaran keke ya duba zaren ƙasan nan, aikin ɗan lokaci ne a wurinsa. In ka gama fuskar bargon, babu laifi ka kai wa tela ya sa auduga da shafi ya naɗe bakin, nan ne sabon hannu ya fi shan wahala. Babbar 'yarka ma gaskiya ta faɗa, jariri bai san bambanci ba. Sai dai kai ka ga yatsan Auta a kan bargon ɗan yayarta, ka san ba don jaririn kaɗai ake yi ba.

Yanzu ga wadda ta fi nauyi. Malam, matar da ta yi shekaru tana taka keke ba ta barci keken yana tafiya a gidanta. Buhun da kake toshe ƙofa da shi kanka kawai yake kwantar wa da hankali. Ina kyautata zaton tun ranar farko take jin ka, tana jin inda ka yi sauri, tana jin inda zare ya sarƙe ka tsaya, tana kwance ba ta da bakin da za ta ce maka sassauta nan, ɗaure can. Ban san zuciyarta ba, kuma ba zan ce maka lallai ba fushi a ciki ba. Mai yiwuwa akwai. Amma da so take abin ya fita daga idonta, da ba ta dunƙule hannu a kan zaren nan ba.

Kun fitar da keken ne don tausayi, ba wanda zai zarge ku. Akwai marasa lafiyar da ganin kayan sana'arsu yake ƙara musu ciwo, kuma a kwanakin farko wataƙila hakan shi ne daidai. Amma an yanke shawarar ne a kanta ba tare da ita ba, kuma kwanakin farko sun wuce. Ciwon ya ɗauke mata hannu da harshe, ka ce da bakinka tana gane kowa. Rabin aikin bargo ido ne: wane launi zai zauna kusa da wane, wane ƙyalle zai je kusurwa. Wannan ba ya buƙatar hannun dama.

Ga abin da nake so ka yi. Ka zaɓi lokacin da ta huta, ku biyu kawai. Ka faɗa mata gaskiya duka, har da shuɗin da ya lalace, ka ba ta haƙuri a kan maganar labule. Ka yi mata tambayoyin da za ta iya amsawa da kai ko da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kada ka yi gaggawar cike mata shirunta. Tana so ka ci gaba? Tana so a dawo da keken? Idan ta girgiza kai, ka mutunta hakan, ka ba ta kwanaki, in ya so ka ƙarasa a ɗakin ajiya da saninta. Idan ta gyaɗa, ka mayar da keken kan sawunsa, ka shimfiɗa gidajen a kan gado a gabanta, ita ta jera da hagu, kai ka ɗinka. Ka kuma gaya wa mai gasa mata jiki a asibiti, zai faɗa maka iya zaman da ya dace da ita. Za ta yi kuka, wataƙila kai ma ka yi. Kada hakan ya sa ka tattare kayan da sauri. Ka kuma shirya shan gyara, don layin da ya karkace sai ta sa ka farke shi, ko da yatsa ɗaya ne.

Auta ma ka sanar da ita. In haihuwa ta riga bargon, ba abin da ya ɓaci, jariri zai daɗe yana buƙatar abin rufa.

Ka tambayi ƙanwarka, ka tambayi tela, ka tambayi wayar surukinka, ga shi ka tambaye ni. Wadda ta fi mu duka sanin bargon nan tana ɗakinka tana kallon ƙasa, ita kaɗai ce ba ka tambaya ba. Ka kai mata jakar kafin ka sake ɗaukar almakashi.

Allah ya ba ta sauƙi, ya sauki Auta lafiya, ya sa maman yara ta lulluɓe jikanta da wannan bargo da hannunta na hagu, kana riƙe mata ɗaya gefen.